Rasuwar Mai Ido Ɗaya a Fadamar Toranke

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, Malam Inuwa na sashen gona a Gaya yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da 'yan majalisar mai shayi da suka daɗe suna jiran wannan rana, rasuwar madubinsa na hangen nesa, wanda aka fi sani a gida da Mai Ido Ɗaya. Marigayin ya cika ranar Asabar da sanyin safiya a bakin fadamar Toranke, bayan gajeriyar jinya da ba ta wuce tsawon faɗuwa daga tsaye zuwa ƙasa ba.

Ga wanda bai san abin da ya kawo marigayin gidan ba: Baffa Da'u na Toranke, ƙanin mahaifin Malam Inuwa da ya riƙe shi tun yana yaro, ya tsufa, ƙafa ta ƙi, ido ya yi hazo. Ba abin da yake yawan ambato kamar gauraka, tsuntsun nan mai tukku ruwan zinariya, da yake gani a fadama zamanin yana kiwo. Cewa yake sun ƙare, shi da su sai a labari. Malam Inuwa kuwa ya rantse ya hango guda biyu bara. Majalisa ta kwashe da dariya, Baffa ma ya ce zalɓe ya gani. Nan ya ɗauki alkawarin zai kawo wa tsohon hotonsu har kan tabarmarsa, tun kafin idon ya rufe gaba ɗaya.

Ba da garaje aka zaɓi marigayin ba. An yi ta bincike a waya har Hansai, mai ɗakinsa, ta ce ko lokacin neman aurenta ba a yi wannan bin diddigin ba. Miƙaƙƙe za a saya ko mai lanƙwasasshen wuya? Aka ɗauki mai lanƙwasa, don mutum ya duba a sunkuye wuyansa bai ƙage ba. Gilashi kuma aka ce sai mai faɗi, wanda zai sha haske tun gari bai gama wayewa ba, ko da yake nauyinsa ya kai na goyo. Da aka zo kan kyamara aka shafa aljihu, aka ce ai waya ma kyamara ce, Gwadabe mai walda ya ƙera maƙalin da zai riƙe idon wayar daidai da idon madubin. Saura ƙafafu ukun da zai tsaya a kai. Mai shagon da aka sayo shi a Kano ya yi nasiha har da dafa ƙirji, ya ce madubi mai nauyi sai ƙafa mai nauyi. Malam Inuwa, da kuɗin gyaɗarsa suka riga suka tafi a gilashi, ya ce ƙafa ai ƙafa ce, ya ɗauko wasu sirara kamar karan dawa. Araha dai ba ta ado.

An shaidi marigayin da kyawawan halaye. Ba ya cin caji, ba ya shan mai. Ba shi da yawan magana, in ban da "ƙirit, ƙirit" idan ana murza shi don abu ya fito tar. Ya kawo belbela da carki da shamuwa kusa har mutum ya ji kamar ya miƙa hannu. Bai taɓa leƙa gidan kowa ba, duk da abin da aka riƙa faɗa a ƙauyen Balan. Lalurarsa guda ce, kuma daga ƙafa ta samo asali: iska na kaɗawa sai rawar ɗari, hotuna su fito kamar daga kan babur aka ɗauke su.

Maganin wannan lalura ne ya zama ajalinsa. Malam Inuwa ya karanta cewa ana rataya abu mai nauyi a tsakanin ƙafafun. Ran nan, abu mai nauyi da ke kan babur ɗinsa shi ne ƙullin dusar da Hansai ta aike shi ya sayo wa tumakinta. Ya rataya, marigayin ya tsaya cak, har mai shi ya yaba wa kansa basira. Mutumin da ke koya wa manoma kiwo ya manta an gama girbi, an saki dabbobi. Can sai ga su, gauraka biyu, sun sauka a bakin ruwa, tukku na ƙyalli. Ya miƙa yatsa zai danna, daidai lokacin da wata jar akuya ta finciki ƙullin. Waya ta ce "ƙyas", marigayin ya ce "tas", tsuntsaye suka yi gabas.

Ya rasu ya bar ƙafafu uku, biyu daga ciki sun gurgunce, da maƙalin da Gwadabe ya ce zai yi maratayin buta, da waya mai tsaga a fuska. Ya kuma bar hoto ɗaya, dishi-dishi, wanda wayar ta ɗauka tana zamewa: ƙahonin akuya biyu a tsaye, dusa ta yi tsiri a samansu.

Da yamma Malam Inuwa ya je don ya faɗa wa Baffa gaskiya. Bai kai ga buɗe baki ba tsohon ya miƙo hannu. Ya karɓi wayar ya kai ta har bakin hancinsa, ya duba hoton, sannan ya ce, "Su ne, Inuwa. Ga tukkun nan. Ashe ba su ƙare ba." Ya share ido da bakin riga, ya yi ta sa albarka. Malam Inuwa ya amsa amin, kunya da tausayi suka hana shi faɗar gaskiyar.

Za a sa marigayin a jakarsa, a kai shi makwancinsa a saman sif, ranar Juma'a bayan La'asar. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gida a Gaya, kuma mai dariya ya yi abarsa ya gama a nan. Wanda zai wuce Toranke gaida Baffa, ya sani za a nuna masa hoton, don tsohon ya sa an wanko shi an manna a bango. A duba, a ce masha Allah. Don girman Allah kada kowa ya ambaci akuya.