Yadda Za Ka Burge Surukai a Bukkar Zuma Ko Ba Ka Taɓa Shiga Daji Ba

Kai ɗan birni, matso kusa. Dusar ƙanƙara ta fara narkewa, ruwan itacen mapul ya fara ɗiga cikin bokitai, budurwarka kuma ta ce ranar Lahadi za ku je bukkar babanta inda ake dafa ruwan nan har ya zama zuma. Na ga gumi a goshinka. Share shi. Bi matakan nan sau da ƙafa, na ba ka tabbaci za ka dawo da mata a hannu.

Ba da ka nake magana ba. Na gwada su a kan maƙwabcina Ghislain Lachapelle, mai sayar da inshora a birnin Montréal, mutumin da ko gatari bai taɓa riƙewa ba. Budurwarsa Noémie ta faɗa masa ƙiri-ƙiri: bukkar nan ta yankin Beauce ita za ta gaje ta, kuma ba za ta auri wanda babanta Aurèle bai ce wa “sai baɗi” ba. Samarin da suka je kafin shi, “a sauka lafiya” kawai aka ce musu. Ghislain ya tafi da zobe a aljihu.

Mataki na ɗaya: Ƙirƙiro kaka mai daji

Kada ka kuskura ka isa a matsayin ɗan birni zalla. Samo wani kaka da ya mutu tuntuni, ka ba shi daji da bukka da doki. Matattu ba sa ƙaryata mutum, shi ne amfaninsu.

Ghislain yana sauka daga mota ya ce, “Baba, ƙamshin nan ya tuna mini da bukkar kakana.”

Aurèle ya dube shi daga hula har takalmi. “Ashe? A ina take?”

“Can arewa.”

“Arewa kam akwai itatuwa,” in ji tsohon, ya juya ya ci gaba da faskare. Ka ga, bai musa ba. Nasara ta farko ke nan.

Mataki na biyu: Shiga irin ta ’yan daji

Sayi rigar ulu mai zanen ja da baƙi. Cire takardar farashi, don Allah, tun a gida. Ta Ghislain tana reto a ƙeyarsa har sai da Kaka Fernande, mahaifiyar Aurèle, ta tsinke ta da haƙoranta masu sheƙi ta ce, “Angona, rigar kakan naka ce wannan? Lallai ya iya adana kaya.” Takalmi kuwa sa fari, don a ga kai mai tsabta ne. Taɓon da ke tsakanin mota da bukka zai rina maka shi kyauta.

Mataki na uku: A bakin tukunya, nuna ƙwarewa

Za a kai ka inda ake tafasa ruwan, tururi ya cika ɗaki har ba ka ganin hannunka. Masani ba ya yin shiru a irin wannan wuri. Ɗanɗana, ka lumshe ido, ka ba da shawara.

Ghislain ya kurɓi ɗanyen ruwan daga bokiti, ya ji shi salam kamar na famfo. Ya gyara murya ya ce, “Yana da kyau, Baba. Sai yaushe ake zuba suga?”

Noémie ta rufe fuska da hula.

“Bokiti arba’in na wannan ke ba da ɗaya na zuma,” Aurèle ya ce a hankali. “Ni na ɗauko su, da wannan bayan.” Ɗigon zuma ɗaya ya zuba a gefen tebur, tsohon ya sa yatsa ya kwashe ya lashe.

Kada ka damu da wannan. Tsofaffi suna da halayensu.

Mataki na huɗu: A tebur, kalmar “na ƙoshi” haramun ce

Ga miyar wake, ga wani waken da aka gasa, ga wainar ƙwai mai tudu, ga naman alade da soyayyen kitsensa, ga fanke. Dokar ɗaya ce: zuba zuma a kan komai. A kan ƙwai? Zuba. A cikin miya? Zuba mana, wa kake jira? In ka ga abin da ba a zuba masa ba, ko dai gishiri ne ko kuma hannun maƙwabcinka.

Kaka Fernande za ta tsaya a kanka da ludayi. Ghislain ya kwance bel a faranti na biyu, ya kwance maɓalli a na gaba, idonsa ya raina fata.

“Angona ba ya ci,” ta sanar wa jama’a. “Noémie, wannan iska za ta ɗauke miki shi.”

Shi kuwa Aurèle ba fuskar baƙo yake kallo ba, farantinsa yake leƙawa. Ban san dalili ba, kuma masani kamar ni ba ya ɓata lokaci kan ƙananan abubuwa.

Mataki na biyar: Riƙe sirrinka

Kowane namiji yana da abin da yake ɓoyewa. Na Ghislain haƙoransa ne na gaba. Sandar wasan hoki ta kwashe su tun yana saurayi, na roba yake sawa, kuma ko Noémie ba ta sani ba. Ya tambaye ni ko ya faɗa mata kafin tafiya. Na ce kul! Gaskiya abu ce mai kyau, shi ya sa ake ajiye ta sai bayan biki.

Mataki na shida: Alewar ƙanƙara, nan ake gane maza

Bayan abinci kowa zai fito waje. Za a cika kwami da dusar ƙanƙara mai tsabta, a tsiyaya zuma mai zafi a kai layi-layi, kowa ya sa tsinke ya naɗe rabonsa. Za ka ga manyan gidan sun ɗan juya baya, kowa da hankici a hannu, suna wani abu da bakinsu. Addu’a suke, ina jin. Ba ruwanka.

Kai dai naɗe babba. Yara suna lasa, namiji kuwa gatsa yake. Ghislain ya naɗo dunƙule kamar ƙwan agwagwa, ya dubi surukinsa ido cikin ido, ya kafa masa haƙora. Alewar ta kama. Ya ja, ta ja. Ya ƙara ja da ƙarfi.

Ɓat! Sai ga haƙoran a kan tsinke, suna yi wa dangin Noémie murmushi su kaɗai.

Mataki na bakwai: In abin ya faru

Gudu. Shawarata ke nan, kuma ita kaɗai ce Ghislain ya ƙi bi. Kunya ta daskarar da shi, ya ji zoben a aljihunsa ya yi nauyi, ya san ta ƙare. Noémie ta saki baki. Ya dubi tsinken. Alewa ce jingim a jikin haƙoran, ya tuna bokitan nan da bayan tsoho. Zuciyarsa ta ƙi yarda ya jefar. Sai ya tsaya nan a gaban kowa, hawaye na taruwa a idonsa, ya lashe ta tas, haƙori bayan haƙori, har da tsinken.

Aurèle ya fashe da dariya, sai ga bakinsa wayam, dasashi kawai. Kaka Fernande ta taya shi, nata ma haka. Haƙoran da suka tsinke takardar farashi suna naɗe cikin hankici a aljihunta.

“Yaro,” in ji Aurèle yana share ido, “kakan naka mai daji bai koya maka a cire su tukuna ba?”

“Direban bas ne, Baba.”

“Na sani tun daga takalmi.” Tsohon ya karɓi tsinken, ya juya shi, bai ga ko ɗigo ba. Ya zaro wani hankici ya danƙa masa. “Aro ne. Baɗi ka zo da naka.”

Ghislain ya durƙusa cikin taɓo, ya laluɓo zoben da yatsu masu danƙo, ya fara magana.

“Mayar da haƙoran tukuna, maƙaryaci,” Noémie ta ce, tana dariya tana kuka. “Ban ji ko kalma ɗaya ba, kuma ina so in ji.”

Ka ga aikin matakaina ko?

Sanarwa: Marubucin nan ba shi da hannu a ciwon ciki, ɓatan haƙori, rinannen takalmi ko aure. Wanda ya bi shawararsa ya rasa mata, shi ya so. Wanda ya bi ya samu, ya sani cewa duk ƙarshen sanyi, har iyakar ransa, shi zai riƙa ɗaukar bokitan nan. Ghislain yana can yanzu haka, kuma ya daina gaishe ni.