Kulolin Da Suka Makale A Teku

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwata Rabi ba, ko da na so mantawar. A lokacin ban daɗe da fara koyarwa a lakwal a Malbaza ba, ga sabuwar waya, ga ɗan karen iyayi. Na gano ana sayo kaya daga ƙasar waje ta intanet, sai nake ganin duk ɗan kasuwa ɓarawo ne.

Inna ta aike ni Ƙonni wajen yayanta, Kawu Manu, in ji kuɗin kulolin abinci na ɗakin amarya. Ya faɗi kuɗi. Na zaro waya a gaban masu saye (har da ɗaga murya, Allah Ya yafe mini), na nuna masa irinsu a rabin kuɗin, na ce, "Kawu, har mu za ka yanka?"

Ya daɗe yana duban hoton. Ya ce, "Uwata, waɗanga kuɗi ko mota ba su biya. Amma jeki ki gwada."

Na kuwa gwada, na yi odarsu. Ban tsaya nan ba, na tura hoton a gurup ɗin matan unguwa. Su kuma suka dinga zuwa rumfarsa suna tura masa waya a fuska, har ya karya farashi yana sayarwa da asara don kada a ce ya ci amanar dangi.

Ranar jere ta zo, kayana suna kan teku. Mata sun cika ɗaki, kabad wayam. Gwaggon ango ta leƙo ta ce, "Ina kulolin Turai da munka ji labari?" Ni ko ina gefe ina latsa waya, gumi har cikin ɗankwali.

Ana haka sai ga Kawu a kan kabu-kabu da kwalin kuloli. An rubuta sunan Rabi a jiki, rubutun har ya koɗe. Ashe tun ranar baiko ya ware su gudummawa. Kuɗin da ya faɗa mini, ya faɗa ne don Inna ta san darajar kyautar, kamar yadda manya suke yi. Ko dala ba zai karɓa ba. Kowa ya san haka, ban da malamar lakwal.

Nawa sun iso bayan wata biyu. Da kuɗin duwan, wato kwastan, da na mota, sun fi na Kawu tsada.

Na je na ba shi haƙuri, ya ce ba komai. Amma ya daina kawo kuloli, kuma mutumin da tun ina goye yake ce mini "Uwata" saboda sunan mahaifiyarsa gare ni, yanzu "Madam" yake cewa. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Yanzu in na ga araha a waya, nakan fara tambayar kaina wa zan rasa a kanta. Kawu dai har yau ban samu hanyar da ake odarsa ba.