Yadda Za Ka Haɗa Waya da Kwamfuta Ba Tare da Ka Tambayi Kowa Ba

Kai mai waya a hannu da kwamfuta a kan tebur, sun ƙi ko gaisawa, matso nan. In ka bi abin da zan faɗa maka daki-daki, na yi maka alkawari cikin kwana uku abin da ke cikin wannan shi ne zai kasance cikin waccan, ba ragi ba ƙari. Kar ka ce me tsohuwa ta sani. Gaskiya ne ko sunana aka rubuta ba zan gane shi ba, wannan ma ƙanwata ce ke rubutawa ina faɗa. Amma kwana uku cur na yi a kan kujera ina kallon gwani yana aikin nan, ko gyangyaɗi ban yi ba.

Gwanin kuwa surukina ne, mijin 'yata. Direban motar burodi ne, amma Injiniya ake ce masa tun ranar da ya gyara fankar falo ta koma juyawa da baya. Ita 'yar tawa tela ce, ɗakin gaba na gidan shi ne shagonta. To, buɗe kunne.

Mataki na ɗaya: Nemo wayar da ba taka ba

Mai hankali ba ya koyon aiki a kan wayarsa. Nemi ta wani, kuma wadda abincin gidan ke ciki.

Ta 'yata ta cika sharaɗi. Shugabar wata makarantar 'yan mata ta kawo mata malamai mata, su goma sha biyu har da ita kanta, a ɗinka musu riguna iri ɗaya, ranar Asabar za su saka wajen rabon kyaututtuka. Ta ce in aikin ya yi kyau, ɗinkin kayan ɗalibai na shekara nata ne. In bai yi ba, ga telan tsallaken titi can mai keken ɗinki uku, tun bara yake gai da shugabar da hannu biyu.

Ga yadda 'yata ke awo: ta zagaya mace da tef, ta rubuta a ɗan allo da alli, ta ɗauki hoton allon da waya, ta goge. Awon mata sha biyu, ba ya ko'ina a duniya sai cikin wayar nan. Ni kuwa da na yi ɗinki tun kafin a haife ta, in ta gama sai in jawo mace da hira, in bi ta da zirin ƙyalle ina ƙullawa: kafaɗa, ƙirji, ƙugu, tsawo. Kullum sai ta harare ni.

"Inna, don Allah ki bari, kina ba ni kunya. Zamani ya wuce nan."

"To," nake cewa, in jefa ƙyallen a kwandona.

Ranar Litinin wayar ta ce ta cika, ko hoton ƙuda ba za ta ƙara ɗauka ba.

Mataki na biyu: Ka ce ƙaramin abu ne

Tun kafin a gama yi maka bayani za ka faɗa. Kar ka kalli wayar, kalli rufin ɗaki.

"Baban yara, ko in kai wa mai gyaran nan na bakin titi?" in ji 'yata.

Injiniya ya ajiye kofin shayi a hankali. Abin ya sosa masa rai, don surukarsa na zaune.

"Ina gidan? Ki ɗauki waya ki wuce ni ki kai wa wani? Haɗa ta kawai za a yi da kwamfuta, hotunan su zuba can. Minti biyar."

Ka riƙe wannan minti biyar ɗin da kyau. Ba a cewa daga yaushe za a fara ƙirgawa.

Mataki na uku: Tashi kwamfutar daga barci

Tasa tana kusurwar falo shekara biyu, an lulluɓe ta da mayafi, an ɗora mata furen roba. Ya saye ta ne hannun wani mai gidan kaji da ya tashi daga sana'a. Duk baƙon da ya zo sai an ɗaga mayafin ya gani, a mayar.

Cire furen. Hure ƙurar, ta shiga idon kowa. Danna maɓalli, ka koma ka zauna, don tashinta irin nawa ne: sai ta yi nishi, ta yi tari, ta yi tunanin ko akwai amfanin tashin ma. In ta nemi lambar sirri, gwada ranar haihuwarka, duk da ka san ba kai ka sa ba. Injiniya ya gwada tasa, da ta matarsa, da lambar motar burodi. Da la'asar aka gano mai kajin ya rubuta ta a takarda ya manna a ƙarƙashin abin dannawa. Litinin ke nan.

Mataki na huɗu: Sayo igiya, sannan ka sake sayowa

Akwai igiyar da ke shiga tsakaninsu, irin ta caji. Kar ka tafi kasuwa da wayar, wannan aikin marasa ido ne. Kwatanta bakin da yatsa.

Ta farko bakinta ya yi faɗi. Ta biyu ya yi ƙanƙanta. Ta uku ta shiga, amma abinci kawai take ba wayar, ba ta kai saƙo. Ta huɗu ce ta yi, ita ma sai da ya soka ta ƙi, ya juya ta ƙi, ya sake juyawa yadda take da farko sannan ta shiga. Wannan ba laifinka ba ne, haka aka halicce su.

Duk zuwa kasuwar nan ta gaban rumfar mai gyaran waya za ka bi. Taku ashirin ne daga ƙofar gida. In ya ce, "Injiniya, lafiya kake ta safa da marwa?" ka ce motsa jiki kake yi.

Mataki na biyar: Raba laifi tun da wuri

Ka soka igiya, shiru. Kwamfuta ta yi ƙara ɗin, ta yi ƙara ɗon, shiru. Yanzu ne za a gane gwani. Ka ce wutar ce ba ta da ƙarfi. Ka ce yara sun taɓa. Ka ce hadari ne a sama. Hura wa ramin wayar iska, ka goge ta a cinyarka, ka kashe ka kunna, ka kashe ka kunna. In matarka ta leƙo, tsuke fuska ka ce, "Ki daina tsaya min a kai, kina tare hanyar."

Ni ma sai da rabona ya zo. Ya waiwayo cikin ladabi, yana sosa ƙeya.

"Inna, ko rediyon nan naki ne yake janye ƙarfin?"

Na kashe masa rediyo. Mutum na aikin ilimi, ba a yi masa gardama. Talata ke nan.

Mataki na shida: In ta yi tambaya, amsa da sauri

Safiyar Laraba aka kawo yadin malamai, 'yata ta shimfiɗa shi a tebur, almakashi a hannu.

"Baban yara, awon nake jira. In ba ta yiwuwa ba ni wayata haka nan, na duba a ciki."

Kamar kwamfutar ta ji, sai ga hoton waya ya fito a fuskarta. Injiniya ya miƙe tsaye.

"Sun ga juna! Inna, sun ga juna!"

"Barka," na ce. "Allah ya sa su daidaita."

Sai ta fito da dogon rubutu da yaren waɗanda suka ƙera ta, da kibiya biyu, ɗaya ta nufi nan, ɗaya ta nufi can. Daga baya mai gyara ya ce tambaya take yi: wa zai koma kamar wa? Injiniya ya gane rabin wannan, ya cike rabin da tarbiyya. Ya dubi kwamfuta, ga ta ƙatuwa, ta shekara goma a duniya. Ya dubi waya, 'yar ficiciya, bara aka saye ta. A ina aka taɓa cewa babba ya bi ƙarami? A gidan da ya tashi, ko ruwa ƙarami ba ya riga babba sha.

"Ƙaramar ce za ta bi babbar," ya ce, ya danna.

Ta sake tambaya da jan rubutu, wai ya tabbata? Ka lura da kyau: in na'ura ta tambaye ka ko ka tabbata a gaban surukarka, raini ne. Danna da ƙarfi.

Mataki na bakwai: Miƙa wayar, ka matsa kusa da ƙofa

Wani koren layi ya ja jiki ya cika. Injiniya ya zare igiya, ya goge wayar da gefen riga, ya miƙa da hannu ɗaya kamar likita ya gama tiyata.

'Yata ta buɗe wajen hotuna. Ta ƙura wa wayar ido. Ta shafa da yatsa. Ta sake shafawa.

"Baban yara, wannan kazar wace ce?"

"Wace kaza?"

"Ga ta nan fara, ido ɗaya a kumbure. Ga wata. Ga wasu a kwance. Wannan kuma kashinsu ne aka ɗauka kusa-kusa. Ina awon shugaba?"

"Yi ƙasa, yana ƙasa."

Ta yi ƙasa. Kaji dubu biyu da wani abu, duk marasa lafiya, waɗanda mai kajin ya riƙa ɗauka yana kai wa likitan dabbobi. Allo ko ɗaya babu. Ƙaramar ta bi babbar sau da ƙafa, ta zubar da duk abin da ta sani ta ɗauki na yayarta. Irin biyayyar da ba a samu a 'ya'yan yanzu.

'Yata ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta ajiye almakashin a hankali, wanda na ji daɗin gani, ta ce, "Injiniya." Shekara goma sha huɗu da aure, ranar ta fara kiransa da sunan nan, kuma yadda ta faɗe shi ko kare aka kira haka sai ya sunkuyar da kai.

Mataki na takwas: Yanzu kana iya tambaya

Ta ƙofar baya Injiniya ya zagaya wajen mai gyara. Mai gyara ya duba, ya ga kaji, ya nemi izini ya shiga bayan rumfa ya yi dariyarsa ya dawo, ya ce abin da ya tafi ya tafi.

A kira malamai a sake awo? Suna tsakiyar jarrabawa. Kuma shugaba mace ce da ba a ce mata "an ɓatar". Telan tsallake kuwa har ya fito da kujera waje, yana kallon ƙofarmu yana kaɗa ƙafa. 'Yata ta zauna gaban yadin mutane, hawaye na ɗiga a kai, tana gogewa da sauri kar ya yi tabo. Injiniya na raɓe a jikin bango, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Igiyoyi huɗu na leƙowa daga aljihunsa.

Na bar su suka ɗan dahu. Sannan na ce, "Injiniya, miƙo min kwandon can na zamanin da ya wuce."

Na zazzage. Ja na shugaba ne. Shuɗi na doguwar nan mai tabarau. Mai ɗigo-ɗigo na wadda ke dariya tana dukan mutum. Goma sha biyu cif. 'Yata ta ɗauki jan, ta shafa ƙullin, ta kasa kallona.

"Inna..."

"Yanka kawai. Kunyar ki ajiye sai Lahadi."

Kwana biyu da rabi keke bai huta ba. Injiniya ya nemi hutu a wajen aiki, aka ba shi matsayi: ya tsaya ya miƙe ƙyalle tsakanin hannu biyu a auna, ya yi guga, ya share zare. A nan dai ya haɗa abu da abu ba a yi asara ba.

Mataki na tara: Karɓi yabo

Ranar Asabar da safe malamai suka zo gwaji. Shugaba ta shiga ɗaki ta fito, ta ɗaga hannu, ta zauna, ta tashi, ta sunkuya. Rigar ta zauna ɗas.

Ga abin da na'ura ba ta sani ba. Duk macen da ta ga tef ya nufo ta, sai ta shanye ciki ta riƙe numfashi, daga baya ta ce tela ya matse ta. Ni kuwa sai na sa ta dariya cikin ya koma mazauninsa nake ƙulla ƙyallena.

"Shekara ashirin ban taɓa sa rigar da na yi numfashi a cikinta ba," in ji shugaba. "Me kuka canza?"

Idonta ya faɗa kan kwamfutar, da igiyoyi zube a gabanta.

"Au! Da na'ura kuke awo yanzu? Shi ya sa! Aikin waye?"

'Yata ta dube ni. Na dubi rufin ɗaki. Injiniya ya yi gyaran murya.

"Ƙaramin abu ne, ranki ya daɗe."

Nan take ta ba 'yata ɗinkin shekara. Har ta kai ƙofa ta juyo.

"Injiniya, Allah ne ya kawo ka. Sakamakon jarrabawar ɗalibai ɗari huɗu yana cikin wayata, ta ce ta cika. Ga sabuwar kwamfuta an kawo ofis, ƙatuwa, ba komai a cikinta. Litinin ka zo ka haɗa min su."

Ya buɗe baki. Ya dube ni. Na kunna rediyona.

Sanarwa

Na ce abin da ke cikin wannan zai zama shi ne cikin waccan, kuma ya zama: kaji nan, kaji can. Alkawarina ya cika. Abin da ya biyo baya a gidanka, ko yaji, ko kwana a falo, ko sallama daga aiki, babu hannuna, babu ƙafata. Ban iya rubutu ba, don haka ba ni na rubuta ba. Ƙanwata kuma ta ce ita kunnenta ba ya ji sosai. In ka zo ƙorafi za ka same ni a kujerata, amma ka sani kwandona awon riga kawai yake ɗauka. Sakamakon ɗalibai ɗari huɗu ba ya ƙulluwa a ƙyalle, na riga na faɗa wa Injiniya.