Rasuwar Bayan Labule, Zauren da Bai Riƙe Sunan Kowa Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda rabinsa takaici ne zalla, ni mai guga ta layin ƙarshe a kamfanin ɗinkinmu nake sanar da 'yan uwana mata ma'aikata rasuwar zaurenmu na waya, wanda muka raɗa wa suna Bayan Labule. Ya cika a makon jiya bayan gajeriyar jinya. Ni na buɗe shi da hannuna, kuma a hannuna ya daina motsi.

Ga wadda ba ta san marigayin ba, zaure ne a cikin wata manhaja da ba a shiga da suna, ko hoto, ko lambar waya. Kowace safiya sai ya raba mana sababbin laƙabi. Yau ke ce Jan Zare, gobe ki tashi Tsohon Maɓalli. Duk abin da aka rubuta kuwa kwana ɗaya yake yi ya goge. Waɗanda suka ƙera shi sun ce hakan zai sa mutane su saki jiki. Ba su yi ƙarya ba, mun saki jiki har mun saki baki.

Marigayi mai rufin asiri ne, wannan kam zan shaide shi ko a gaban wa. Bai taɓa tambayar mace 'yar gidan wa ce ba. Muryarsa ɗaya ce, ɗan "ƙit" ɗin nan daga aljihun riga lokacin hutun rana. A bakinsa muka yi wa manaja dariya kan turarensa da ke riga shi shiga ɗaki. A bakinsa wata ta tambayi maganin ciwon bayan da zaman keken ɗinki ke sa wa, wata ta yi kukan mijinta, aka lallashe ta, ba wadda ta san ko ita ce ke zaune a gefenta.

A bakinsa kuma muka fara jin zancen sito. Dokar kamfani ce, in allura ta karye sai ki tsince gutsattsarinta kaf, ki kai sito da kanki kafin a ba ki sabuwa, don kada guntu ya tafi a cikin rigar ɗan wani. Doka ce mai kyau. Sai dai sito ɗaki ne mai ƙofa ɗaya, shi kuma mai sito hannunsa ba ya zama wuri ɗaya.

"Ƙit. Da na shiga sito, mutumin nan da ƙafa ya tura ƙofa."

"Ƙit. Wallahi ni ma."

"Ƙit. Ni ma, ashe ba ni kaɗai ba ce."

Ranar wayata har zafi ta yi. Nan muka yi shawara, ba mai sake zuwa sito ita kaɗai. Wadda allurarta ta karye ta yi tari, ta kusa da ita ta miƙe kamar za ta banɗaki, su tafi tare. Washegari muka duba, komai ya goge tas, muka ce madalla da wannan zaure mai amana. Kaico, wautarmu!

Ciwon ajalinsa ya fara ne ranar da allurar ƙanwata ta karye. Autarmu ce, mai ɗinkin wuyan riga, ni na kawo ta aikin nan. Maƙwabciyar kekenta ba ta zo ba, ɗanta ba lafiya. Yarinya ta yi tari, ƙarar kekuna ta haɗiye shi. Ta tafi ita kaɗai, ta fito da hannun riga a yage. Auta kuwa ba ta iya haɗiye magana ba tun tana ƙarama. Ta wuce ofis da sunanta da fuskarta ta kai ƙara. Aka nemi shaida, ta ce mata da yawa sun faɗa, ga shi ma a waya. Ta buɗe marigayi a gaban manaja. Fayau! Ba komai sai ɗan rubutun nan nasa na kowace safiya: "Sabuwar rana, sabon shafi!"

Sabon shafin uwar wa?

Daga nan jiki ya rikice. Zauren da ba ya tambayar suna ba ya tambayar niyya, sai ga baƙi sun cika shi, da laƙabi masu daɗi irin namu. Ko mutanen mai sito ne, ko shi ne da kansa, Allah masani.

"Ƙit. Mai ɗinkin wuya ce ke binsa, da ya ƙi ta sai ta yi masa sharri."

A ɗakin da ba a kiran sunan kowa, ita kaɗai aka kira. Manhajar ba ta bari a ɗauki hoton allo, to sai wani ya sa wata wayar ya ɗauka. Maganar gaskiya ta kwana ɗaya ta mutu, ƙaryar kuwa tana nan da ranta, ta zaga waya-waya har ta isa hannun mahaifiyarmu. Aka dakatar da Auta daga aiki. Na nemi masu manhajar su dawo mana da abin da aka rubuta, na'ura ta amsa mini cewa ba sa ajiye komai, sirrinmu ne abin alfaharinsu. Ku ji fa! Sun gina ɗakin kuka, ko sau ɗaya ba su yi tunanin ranar da za a ce mai kuka ta kawo shaida ba.

Na shiga na roƙi masu "ni ma" su fito. Da gari ya waye roƙon nawa ma ya goge. Tun daga ranar marigayi bai sake cewa ƙit ba.

Marigayi ya rasu ya bar mai sito cikin ƙoshin lafiya, da makullansa a ƙugu. Ya bar Auta a gida tana wanke kwanukan da ta riga ta wanke. Ya bar tsohuwarmu da ba ta iya haɗa ido da maƙwabta. Ya bar mata cike da ɗaki, kowacce ta sunkuyar da kai kan kekenta, wasu na ɗinki da dakusasshiyar allura don tsoron zuwa sito. Ya kuma bar ni a bakin teburin guga, ina kallon ƙeyoyinku ɗaya bayan ɗaya, ina tambayar kaina wacece Jan Zare a cikinku. Ina jin haushinku, ba zan ɓoye ba. Na san kuna da 'ya'ya, na san aiki wuya gare shi. Auta ma ai ba daga sama ta faɗo ba.

Za a yi jana'iza ranar Litinin da safe, a kan bencin ƙofar ofishin manaja, daidai lokacin da kwamiti zai zauna ya yanke ko a kori Auta ko a bar ta. Ba a karɓar ta'aziyya ta waya. Ba a karɓar ta da laƙabi. Kada kuma wata ta matse mini hannu a banɗaki ta ce tana tare da mu a zuci. Duk wadda ta taɓa rubuta "ni ma", ta zo da sunan da uwarta ta san ta da shi, ta faɗa da bakinta.

Auta dai ta riga ta yi tari. Saura mu ga wadda za ta miƙe.