Gidan Bushiya a Reshen Gawo

A wani daji da ke bakin rafi, ambaliyar bara ta cinye ramukan ƙananan dabbobi kakaf. Ɓera da gafiya da bushiya suka kwashe iyalinsu suka raɓe a cikin kurmin gamba da ke kan tudu. Ba gida ba ne, amma ciyawar tana tare iska, kuma da babu gara ba daɗi.

A cikinsu akwai wata Bushiya mai 'ya'ya huɗu, waɗanda ƙayarsu ma ba ta yi ƙwari ba. Allah ya yi ta da son sanin abu. In ta ga tururuwa ɗauke da tsaba, sai ta bi ta ta ga inda za ta. Abin da ke cin ranta shi ne damina ta ƙarato, ga autanta ba ya jure sanyi. Saboda haka ranar da majalisar daji ta kira taro kan muhallin talakawa, ita ce a sahun gaba.

Shugaban kwamitin shi ne Zalɓe, wanda tun da yake ruwa bai taɓa wuce masa gwiwa ba. Ya gyara tsayuwa ya ce, "Jama'a, kukanku ya iso mana. Mun yi bincike, mun gane cewa laifin ƙasa ne, don ambaliya a ƙasa take bi. Za mu gina muku gidaje masu araha, masu ɗorewa, waɗanda ruwa ba ya kaiwa. Ga gwani nan, ku ji daga bakinsa."

Marai, tsuntsun nan mai saƙa sheƙa, ya sauko ya ce, "Aikina ba ya cin laka, ba ya cin itace. Ciyawa ce zalla, ita kuwa kowace shekara Allah yana fito da sabuwa. A rataye ta a reshe, iska ta ratsa, maciji ya gani ya haƙura."

Aka tafa. Ita ma Bushiya abin ya burge ta, sai dai matambayi ba ya ɓata. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ta ina ake shiga?"

Marai ya ce, "Ta ƙofa mana. Ƙasa take kallo, don kada ruwa ya shiga."

"To mu da ba mu da fiffike fa?"

Zalɓe ya dube ta daga can sama ya ce, "Baiwar Allah, wannan kwamitin gidaje ne. Maganar fiffike tana da nata kwamitin, kuma bai zauna ba tukuna."

Bushiya ta san mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ta ce a ranta watakila manya sun hango abin da gajere ba ya hangowa.

Ba a jima ba, wata safiya sai ga zomaye sun dira a kurmin gamba suna yanka. Ta fito da sauri ta ce, "Samari, lafiya? Ina za ku kai ciyawar?"

Babbansu ya ce, "Gidajen talakawa za a yi da ita, Inna. Ki ɗan matsa."

Ta matsa. Kafin azahar tudun ya zama fili fetal. Ta tasa 'ya'yanta gaba ta bi zomayen har gindin wani gawo, ta zauna tana kallon aiki. Gaskiya aikin ya yi kyau. Har ta manta da damuwarta tana mamakin yadda Marai ke ƙulla ciyawa da baki kawai.

Ranar rabo aka nuna mata tata sheƙar, can a reshen ƙoli, tana lilo. Tun da ba ta hau ba, wasu tsuntsaye dangin 'yan kwamiti suka taimaka suka shiga, don kada gidajen su lalace da rashin mazauni. Ta fara haƙa rami a gindin bishiyar, aka hana ta, wai za ta raunana saiwar unguwa.

Ruwan farko ya sauko da la'asar, da iska mai ƙarfi. Bushiya ta duba gabas ta duba yamma, babu ko tsinke. Tsoro ya kama ta. Ta jawo 'ya'yanta ta duƙunƙune a kansu, ta ba ruwa bayanta. Ta yi iya ƙoƙarinta, amma jikin bushiya ba shi da faɗi, autan ya rage a gefe.

Da ruwa ya ɗauke, Zalɓe ya fito duba aiki. Ya tarar da ƙwallon ƙaya a cikin taɓo, ya zagaya shi cike da mamaki. Ya ce, "Ikon Allah! Wa ya gina wannan? Me aka kashe?"

Daga ciki Bushiya ta ce, "Ba a kashe ko ciyawa ɗaya ba, ranka ya daɗe."

Ya sunkuya ya leƙa, ya ga 'ya'ya uku a bushe. Na huɗun da ke kwance a gefe ba ya motsi, shi kuwa Zalɓe abin da ke cikin gida ya zo dubawa.

A zama na gaba majalisa ta yaba da wannan sabon samfuri ƙwarai, ta kuma amince baɗi irinsa za a yi wa kowa.