Ƙaho Shida a Wuya

A asibiti nan Daura likita ya goga na'ura a wuyana, ya ce kitse ya fara toshe jijiyoyin, jinina ma ya nuna kumburi. In ban bar man shanu ba, shanyewar jiki na tafe.

Ni in bar man shanu? Na ce wannan ai aikin wanzami ne. Na je Sandamu aka kafa mini ƙaho shida a wuya, na dawo na kwarara mai a tuwo.

Ranar komawa na nuna tsagar ina taƙama. Likita ya sake dubawa, ya ce, "Baba, kitsen yana gaishe ka."

Hajiya ta kulle man a ɗakinta. Har yau a majalisa tambayata suke, "Malam, ludayi nawa wanzamin ya zuƙo?"