Ranar da Allura Ta Hau Tsakiya

Ba zan taɓa mantawa da tafiyarmu Tabuk ba, kuma ko na so in manta, akwai mutane a unguwarmu ta Hindawiyya da suka ɗauki nauyin tuna mini.

Shekara goma sha bakwai ina tuƙa tasi a Makka, ban taɓa kunna hita, abin ɗumama mota, ba. Me zan yi da ita? A garin nan fasinja kafin ya tambayi kuɗin mota sai ya tambaya ko mukayyif, wato na'urar sanyi, yana aiki. Kamar yawancin direbobi, tun sayen motar na sa aka cire mata balf, wato ɗan ƙarfen nan mai kama da murfin kwalba, wanda ke tare ruwan inji har ya yi zafi kafin ya sake shi zuwa lagireto. Ana cirewa ne wai don kada inji ya dahu a cunkoson Hajji. Tun daga nan allurar zafi ta kwanta can ƙasa, ni ma hankalina ya kwanta tare da ita.

Sai ga surukina, Baba Alhaji, ya ce zai je Tabuk sunan jikansa, ana tsakiyar sanyi, kuma ba zai hau jirgi ba. Surukai uku gare shi: ma'aikacin banki, malamin makaranta, sai ni da na tsaya a firamare. Amma ni ya zaɓa. A gaban kowa ya ce, "Wannan ba ya ƙarya, kuma ba ya wasa da mota." Ku gane, a gidan nan ba ni da wata takardar shaida sai wannan magana tasa.

Kwana shida na yi ina shiri. Na canza taya, na canza mai, na koma na sake duba tayar da na canza. Rana ta ƙarshe na kai motar warshar, wato garejin, Malam Sani, makanikenmu ɗan Maraɗi, wanda suke sahu ɗaya da Baba a masallaci. Ya leƙa ya ce, "Malam direba, da wannan za ka kai tsoho Tabuk? Babu balf, hita iska kawai za ta hura muku. Ruwan inji ne ke ɗumama ta, naka kuwa ba ya tsayawa ya yi zafi."

Ya ajiye balf guda biyu a gabana, ɗaya an buga masa tamanin da biyu, ɗaya tamanin da takwas. Ya ce babbar lambar ta fi riƙe zafi, ita ta dace da inda za mu. Na ce ba za ta ƙone inji ba? Ya ce a'a. Na ce ya tabbata? Ya ce ya tabbata. Na ce ko dai mu tambayi wani? Ya ɗauki sufana bai sake kula ni ba.

Da ya gama ɗaura balf ɗin na hau hanyar Muzdalifa don in gwada, tunda in ba lokacin Hajji ba wayam take. Ban yi nisa ba na ga abin da ban taɓa gani ba: allura ta bar makwancinta, tana hawa a hankali har ta tsaya cak a tsakiya. Don Allah ku yi mini adalci. Mutum ya shekara goma sha bakwai yana ganin abu a ƙasa, yau ya gan shi a tsakiya, gobe kuma zai ɗauki tsoho mai ciwon ƙirji ya shiga hamada da shi. Nan take na ga hayaƙi, na ga wuta, na ga ma'aikacin banki yana girgiza kai a wurin ta'aziyya.

Kunya ta hana ni komawa wurin Malam Sani, sai na nemi wata warsha can nesa da unguwarmu. Mai ita ya duba ya ce, "Ai tsakiya shi ne daidai, yallaɓai." Na ce ya cire kawai. (Eh, mutum biyu ke nan suka gaya mini. Amma ba wanda ya zauna ya yi mini bayani yadda zuciya za ta yarda, kuma har yau ina ganin wannan gazawarsu ce.) Ya miƙo mini balf ɗin na ce ya riƙe, don ba na son a gan shi a motata.

Muka tashi bayan asuba, Baba a gaba, matata Hajara a baya. Har muka wuce Madina komai lafiya, allura tana ƙasa, ina ta murmushi. Bayan la'asar, da muka nausa arewa sosai, sanyi ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙafa. Baba ya ja bargo ya ce, "Ya waladi, ɗana, kunna mana abin ɗumin nan." Na murɗa har ƙarshe. Iskar da ta fito, wallahi ta firjinmu ta fi ta tausayi. Baba ya fara tari.

Ya ce, "Ba ka ce an gyara ba?"

Nan fa na faɗi abin da har yau yake damuna in na tsaya salla. Na ce, "Baba, Malam Sani ne ya duba ta." (Ku lura, kowace kalma gaskiya ce. Ya duba ta. Na auna maganar kafin in furta.)

Baba ya ciro waya. Da yake kunnensa ya yi nauyi, kullum a buɗe yake sa murya.

"Sani, haka za mu yi da kai? Ka sa ni a hanya da motar da babu ɗumi?"

"Baba Alhaji, tambaye shi, allura tana ina?"

Baba ya sunkuya ya leƙa da kansa. "Tana ƙasa."

"To ai balf ɗin yana nan gabana a kan tebur. Wanda ya cire masa ɗan garinmu ne, a hannuna ya koyi aiki. Jiya ya kawo mini, ya ce wani direba ya zo yana karkarwa wai motarsa ta yi lafiya da yawa."

Na ji dariya a bayan muryarsa, ba ta mutum ɗaya ba. Ashe shi ma a buɗe ya sa tasa wayar, warsha cike da direbobin unguwa. Wannan wane irin rashin sirri ne? Likita yana rufa wa mara lafiya asiri, amma makanike sai ya ɗauki laifin mutum a aljihu ya ratsa Makka da shi?

Hajara ta ce a hankali, "Abban Maryam, da gaske ne?" Na ce ta bari in kula da hanya, alhali babu mota ko ɗaya a gabanmu.

Malam Sani ne dai ya cece mu. Ya ce in tsaya a gidan mai in nemi kwali in rufe rabin lagireto, iska ta daina sanyaya ruwan, in kuma riƙa duba allura. Kwalin da na samu na ƙwai ne, da hoton kaza ƙatuwa. Ina ɗaurawa, Baba na kallona ta gilashi. Allura ta sake hawa tsakiya, ɗumi ya cika motar, tari ya lafa. Ni kuwa idona bai bar kan allurar ba.

Haka muka isa gidan suna da kaza tana leƙowa ta gaban mota. Ma'aikacin banki, wanda ya zo a jirgi, ya tambaya lafiya? Baba ya ce, "Motar ce ta ji sanyi muka sa mata riga." Bai tona ni ba. Amma tun daga ranar, ko cewa na yi an kira salla, sai ya dube ni ya ce, "Kai ka ji da kunnenka, ko Sani ne ya duba?"

An mayar da balf, kuma ina koyon zama lafiya da allura a tsakiya, ko da yake nakan tsaya in buɗe bonet in shinshina. Abin da na koya shi ne, gaskiyar da sai an auna ta kalma-kalma kafin a faɗa, sunanta ƙarya. Sannan in za ka ɓoye wa makanike abu a Makka, kafin ka shiga warsha ta biyu, fara tambayar mai ita ɗan wane gari ne.